Kwalbatin Badaru da Rantsuwar Kulu

In ka je Kanyar Gabas, can bayan Bagwai inda gona ke manne da gona har ba ka samun wurin ɗaure jaki sai ka taka shukar wani, kada ka wahalar da kanka da tambayar gidan Malam Badaru. Ka ce Badaru Gyartai, ko akuya ce ta nuna maka. Dogo ne siriri, da 'yar furfura a haɓa wadda aka yi shekara arba'in ana jira ta zama gemu ta ƙi. Gyaran fasasshiyar ƙwarya ya gada wajen ubansa, uban ma gado ya yi. Kayan aikinsa ba su cika 'yar jaka ba: basilla, wuƙa, da damin zaren kaba. Ya zauna a ƙofar gida ya tanƙwashe ƙafa, ya kafa ƙwarya tsakanin gwiwoyi, yana ɗinki yana surutu, kuma wallahi surutun ya fi ɗinkin sauri.

Da robobi suka cika kasuwa sana'ar ta mutu murus, ya koma wa fartanya kamar kowa. Shekara ashirin babu mai kiran gyartai. Sai ga shekarar da aka janye tallafin mai, kuɗin mota ya ninka uku, masu cin shinkafa suka koma afafata, masu cin afafata suka koma tafasa da rama. Robar da ake jefarwa a da ta gagari mata saye. Nan fa kowace ta hau kan turmi ta sauko da tsoffin ƙoren kakarta daga rataya, ana kakkaɓe yana. Wahalar da ta kwantar da kowa, shi Badaru tashinsa ta yi. Yana da shekara sittin da takwas ya sake rataya jakarsa, yana bin gidaje yana kiran "Gyartai! A fito da masu ciwo!" Ladan aikin ba ya wuce kofin gero ko ƙullin kuka, amma bakinsa har kunne.

To, duk wanda zai ba da labarin Badaru bai sako Kulu ba, ƙarya yake yi. Kulu taubashiyarsa ce: ubansa da uwarta ciki ɗaya suka fito. Shi ɗan namiji, ita 'yar mace, don haka a al'ada shi ne ubangida ita ce baiwa, kuma tsakaninsu babu kunya babu fushi, sai tsiya. Gajera ce mai ƙiba, mai daddawa, mijinta ya rasu tuni, gonarta na maƙwabtaka da tasa. Tana kiransa Gwangwala, yana kiranta Turmi. Tun suna yara aka so haɗa su aure, kowannensu ya ce a kai kasuwa, manya suka yi dariya suka bar zancen. Ranar da Badaru ya auri Barira, Kulu ce ta shiga ɗakin amarya ta yi mata jaje. Ranar da Kulu ta haifi ɗanta na fari, Badaru ya leƙa ya ce Allah ya taimaki yaron da bai ɗauko hancin uwarsa ba. Shekara sittin kenan ba su taɓa gaisawa gaisuwar mutunci ba, kuma babu mutum biyu a garin da suka kai su shiri.

Ciwon ya daɗe yana masa sallama kafin ya shigo. Wajen shekara goma fitsari na matsa masa, ya je ya tsuguna ya yi ta jira, ya fito kaɗan-kaɗan, kafin ya gama ɗaure mazagi ya ji wani ya taho. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma Badaru bai gaya wa kowa ba. Wata ranar Talata ana noman farko, ya ajiye fartanya ya nufi bayan aduwar da ke kan iyaka, karo na shida kafin azahar. Kulu ta miƙe daga kunyarta ta riƙe ƙugu.

"Kai Gwangwala! Ka mai da min gona fadama! Allah ya kawo mai ɗaure bakin tulun nan naka mu huta!"

"Taki nake miki kyauta, butulu," in ji shi daga bayan aduwa. "Wasu da jaki suke ɗauko shi daga birni."

Duk masu noma a gonakin kusa suka tuntsire da dariya, aka ci gaba da aiki.

Ran Juma'a da hantsi abin ya tsaya cik. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, ko ɗigo. Kafin la'asar mararsa ta yi tsiri ta yi tauri, gumi na zuba, mutumin da bai taɓa rufe baki ba ya koma sai nishi. Babban ɗansa Iliyasu ya aro babur, aka yi ta fafutukar neman man da za a zuba masa, da ƙyar aka samu kwalba guda. A asibiti wani ma'aikacin jinya ya zura masa robar fitsari, nan take jaka ta cika. Badaru ya sauke numfashi, ya yi wa mutumin nan addu'a, ya yi wa iyayensa, ya gangara har jikokin da bai haifa ba.

Da aka tura su babban asibiti a birni, likitan da ya duba shi, Dakta Khalilu, ya yi masa bayani dalla-dalla. Akwai wani nama da ke zagaye da hanyar fitsari a gindin mafitsara, maza kaɗai ke da shi, likitoci na ce masa furostet. In namiji ya manyanta sai ya yi ta girma a hankali har ya shaƙe hanyar. Maganinsa aiki ne, a kankare shi. Amma an auna zuciyar Badaru da jininsa, an ga ba za su ɗauki aikin ba. Saboda haka roba za ta zauna, a riƙa canza ta duk wata.

Wata tara ya yi da ita. Jakar na ɗaure a cinyarsa cikin wando, in ya tashi ta yi masa ƙara, in ya tanƙwashe ƙafa zai kafa ƙwarya ta ja shi har sai ya ga taurari. Sau biyu ta sa masa zazzaɓin da ya kwantar da shi mako guda. Liman Basiru ya tabbatar masa sallarsa ta inganta tunda lalura ce, amma duk da haka ya bar sahun gaba ya koma bakin ƙofa, don yana ganin kamar kowa na jin zarni. Duk wannan Badaru ya shanye. Namiji ne, ya ga fari, ya ga yunwa, ya binne 'ya'ya biyu.

Abin da ya kasa shanyewa Kulu ce. Washegarin dawowarsa daga asibiti ya shirya tsaf, don ya san za ta zo, kuma ya san mutum da jaka a cinya, ai abin nema ya samu. Har ya tanadi martani kala uku. Sai ga ta ta yi sallama, ta cire takalmi, ta durƙusa nesa da tabarma.

"Sannu, Malam Badaru. Yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

Ya waiga bayansa ya ga ko da wani Malam Badarun take. Babu kowa sai bango. Ta ajiye masa ƙullin daddawa, ta sake yin sannu, ta fita sum-sum.

Gabansa ya faɗi. A Kanyar Gabas taubashi ko kan gawa yakan yi tsiya, ana kuka yana cewa mamacin ya gudu ne don kada a ci masa tuwo. In ka ga taubashinka ya durƙusa yana maka sannu, to ya hango maka abin da ya fi ƙarfin wasa. Haka Badaru ya fassara abin, kuma ya yi masa ciwon da robar ba ta yi masa ba. Ya yi ta tsokanarta ko za ta dawo hayyacinta. Ya aika a gaya mata warin daddawarta ne ya kori ungulayen garin. Ta aiko da cewa Allah ya ba Malam haƙuri. Ya tare ta a bakin rijiya ya ce, "Turmi, an ce ƙasa ta kai ƙararki wajen mai gari." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ina kwana, Malam." Ya dawo gida ya ƙi cin abinci.

"Barira," in ji shi, "matar nan ta binne ni da raina."

"Kai ma dai da neman magana," in ji Barira. "Mutane na neman a girmama su, kai kana neman a zage ka."

"Ke ba za ki gane ba. Girmamawa ai ko baƙo ana yi masa."

A wata na tara, da ya je canjin roba, Dakta Khalilu ya tsayar da shi. Ya ce akwai wasu likitoci da suka zo da wata dabara don tsofaffi irinsa waɗanda jikinsu ba zai ɗauki aiki ba, kuma an ware wa mutum kaɗan kyauta. Ya buɗe tafin hannu ya nuna masa samfurin: ɗan bututu na siririyar waya a murɗe, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Sunansa sitent.

"Baba, ka san kwalbati?" in ji likita. "Titi ya danne hanyar ruwa, sai a sa kwalbati a ƙarƙashi, ruwa ya wuce abinsa. To shi wannan a ciki zai zauna, daidai inda naman ya matse, ya riƙe hanyar a buɗe. Babu abin da zai leƙo waje, babu jaka. Kai za ka riƙe fitsarinka, kai za ka sake shi in ka ga dama."

Badaru ya karɓa ya jujjuya, ya ɗaga shi sama ya leƙa ta ciki, irin kallon da mai sana'a ke yi wa aikin wani mai sana'ar.

"Likita, wanda ya murɗa wayar nan ya iya hannu. Yana tsatsa?"

"Ba ya yi."

"In ya goce fa? Don ni gyartai ne, na san babu ɗinkin da ba ya saki."

Likita ya yi dariya ya ce gaskiyarsa. Yakan goce wani lokaci, yakan kuma tara dattin fitsari ya toshe, shi ya sa dole ya riƙa shan ruwa da yawa, ya kuma dawo duk wata uku a duba. In ya ba da matsala a cire a sake wani, ko a koma roba. Kwanakin farko zai ji zafi-zafi da yawan matsuwa. Badaru ya ce ai wanda ya yi wata tara da igiya a jiki ba a tsorata shi da zafi-zafi.

Barira ce ta tayar da ƙura da ya kawo labarin gida. Ƙarfe a cikin mutum, ga damina na tafe? In aka yi tsawa ina za ta faɗa in ba kan mai ƙarfe ba? Badaru ya ce ai maƙerin garin ya shekara hamsin cikin ƙarafa tsawa ba ta taɓa yi masa sallama ba. Ta ce shi maƙeri a gabansa yake ajiye su, ba haɗiye su ya yi ba. Sai da Iliyasu ya buga wa likita waya, likita ya rantse mata ta cikin wayar, sannan ta yarda, bisa sharaɗin in hadari ya taso Badaru zai kwana a zaure.

Aikin kansa bai kai lokacin ɗinke ƙwarya guda ba. Ba a sa shi barci ba, maganin kashe zafi kawai aka matsa a wurin, likita na kallon allo yana turawa a hankali, Badaru na kwance yana ba su labarin yadda ake gane ƙwaryar da za ta yi ƙarko. Da aka gama aka ba shi ruwa gora biyu ya shanye, aka ce ya jira. Can aka nuna masa banɗaki. Ya shiga da bismilla a bakin ƙofa, ya tsuguna.

Jama'a! Abin da ya ji ya fi shekara goma bai ji irinsa ba. Shaaa, babu jira, babu yunƙuri, babu roƙo. Ya tsaida shi don gwaji, ya tsaya. Ya sake shi, ya tafi. Ya fito ko mazagi bai gama ɗaurewa ba yana kabbara, ya rungume mai shara da ke goge baranda, mutumin ya yar da tsintsiya yana salati. Ya bi layin marasa lafiya yana miƙa wa kowa hannu kamar mai neman kujera. Ya roƙi ma'aikaciyar jinya ta ba shi tsohuwar jakar ya tafi da ita gida a ga abin da ya rabu da shi, ta ce Baba don Allah ka rufa mana asiri. A mota sau uku yana tsai da direba, biyu na matsuwa ne kamar yadda likita ya faɗa, na ukun kuwa marmari ne kawai.

Kwana uku Kanyar Gabas ba ta huta ba. Dattijo ɗan kusan saba'in yana tsallake kunya uku-uku a gonar mutane. Ya hau keken Iliyasu ya zaga gari ya faɗa cikin danga, ya tashi yana dariya. Ya koma sahun gaba a masallaci, ya yi sujada ya daɗe har na kusa da shi ya taɓa shi ya ji ko lafiya. Duk wanda ya tsaya gaisawa sai ya sha bayanin kwalbati, da zane a ƙasa da tsinke. Kafin mako garin ya raɗa masa Mai Kwalbati. Masu shayi suka ce in gadar Bagwai ta karye a kwantar da shi a wurin. Mahauci ya ce a yi hattara kada 'yan gwangwan su ji labari su auna shi a sikeli. Badaru ya sha dariya, amma kunnensa na wani wuri.

Rana ta huɗu ya sa hula ya nufi gidan Kulu. Ya same ta a tsakar gida tana shanya kalwa. Bai yi sallama ba, ya shiga da rawa, yana juyi yana ɗaga riga.

"Turmi, ɗago ki gani! Babu jaka, babu igiya! Likafanin da kika ɗinka min sai ki yi zani da shi!"

Kulu ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa. Ya ga maganar ta taho har bakinta, ya ga ta haɗiye ta da ƙyar. Ta durƙusa.

"Alhamdu lillahi. Allah ya ƙara lafiya, Malam."

Nan rawar ta tsaya. Ransa ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi da ita ba, ya cire hula ya buga da ƙasa.

"Kulu, me na yi miki? Da ina ciwo na ce kin ga mutuwa a fuskata. Yanzu fa? In laifi na yi ki faɗa. Uwarki da ubana nono ɗaya suka sha, ki rasa abin da za ki kira ni sai Malam?"

Sai ta zauna daɓas cikin kalwar ta fashe da kuka. Cikin kukan maganar ta fito. Ita ce ta ce Allah ya kawo mai ɗaure bakin tulu, ranar Talata, gaban mutane. Ran Juma'a aka ɗaure. Wata tara ba ta yi barcin kirki ba, tana ganin bakinta ne ya kama ɗan kawunta. Ranar da aka ɗora shi kan babur ta ɗaga hannu ta rantse, wallahi tallahi, in Allah ya tashi kafaɗunsa, bakinta ba zai sake yi masa tsiya ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Badaru ya matso kusa da ita. Ashe shi yana can yana zargin ta binne shi, ita tana nan tana zargin ta kashe shi. Ya tsuguna ya zana mata a ƙasa, ya ce likita ya ce naman nan ya fi shekara goma yana girma, tun bakinta bai san zancen tulu ba.

"Ko da bakina bai yi ba," in ji ta tana share hanci, "rantsuwa dai na yi. Na ce in ka warke. Ga shi ka warke."

Ana wata ga wata! Wato lafiyar da yake ta rawa a kanta ita ce ta sa wa bakin Kulu kwaɗo. Ya miƙe a fusace ya ce to gobe zai koma birni a cire kwalbatin a mayar masa da robarsa, sai ya ga ta inda rantsuwar za ta kama. Kulu ta ce in ya yi haka ita za ta bar garin. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, aka rasa mai ba wani haƙuri, daga ƙarshe aka kwashe su biyun aka kai gaban Liman Basiru.

Liman ya saurara har ƙarshe, yana danne dariya da gefen rawani. Ya ce da farko, ciwo da lafiya na Allah ne, bakin Kulu bai isa ya ɗaure ko bakin buhu ba. Na biyu, wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi ta alheri, sai ya yi kaffara ya aikata alherin, kuma zumunci ya fi shiru. Kaffarar ita ce a ciyar da miskinai goma su ƙoshi. Wanda ba shi da hali ne kawai ke azumin kwana uku.

"Miskinai goma kuwa," in ji liman, "a shekarar nan ba sai an fita gari nema ba. In aka matsa lissafi ni ma ina ciki."

Badaru ya yi tsalle ya ce shi zai ba da geron. Kulu ta ce a'a, bakin da ya yi ɓarna shi zai yi gyara. Ya ce to ta yi azumin. Ta ce ba za ta yi wa Allah ƙaryar babu ba alhali da sauran hatsi a rumbunta. Ta ce za ta yi shawara da zuciyarta, ta ja mayafi ta tafi.

Kwana shida shiru. Badaru ya san rumbun Kulu kamar yadda ya san nasa, tare suka yi girbi. Abin da ya rage a ciki, in ta yi tattali, da ƙyar ya kai ta sabon gero. A irin wannan shekara, da watan da ake ciki, tuwon mutum goma ba wasa ba ne. Da ya ji sautin daka daga gidanta ran Juma'a da safe, murna ta kama shi, kunya ta biyo baya ta danne murnar. Ya tafi da sauri ya tsaya a bakin zaure.

"Kulu, bar shi. Wallahi na haƙura. Ki ci gaba da ce min Malam, zan saba."

Ba ta ko ɗago daga turmin ba. "Malam, a koma gida a huta. In an sauko daga masallaci a zo."

Ya koma. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta salla, ya sa Barira ta fesa masa sauran turaren da ake ɓoyo. Barira ta ce tunda take ba ta taɓa ganin wanda ya ci ado don a je a ci masa mutunci ba.

Bayan Juma'a rabin garin ya hallara ƙofar gidan Kulu. An shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Waɗanda ta gayyata sun zauna a jere: makaho Ɗanliti, tsofaffin zawarawa uku, mai gadin makarantar da aka sallama, da wasu da kowa ya san tukunyarsu ta kwana biyu ba ta hau murhu ba. Aka fara fito da tuwon gero da miyar kuka, daddawa ta ji, ƙamshi ya cika unguwa har masu kallo na haɗiyar yawu. Badaru ya samu kututture a gefe ya hakimce, yana gyara hula.

Liman ya bi layin da yatsa. Ya sake bi.

"Kulu!" ya ɗaga murya. "Tara nake gani. Kaffara ba ta cika da tara."

Nan fa masu kallo suka fara matsowa, kowa na gyara fuska ya yi kalar tausayi. Mahauci ma, da tumbinsa, ya ce shi tun jiya bai karya ba.

Sai ga Kulu ta fito da kwano na goma a hannu. Ta ratsa taron ba ta kalli kowa ba, ta wuce mahauci, ta wuce liman, ta zo ta tsaya a kan Badaru. Idanunta jajur, amma ƙugunta a riƙe. Ta dangwarar da kwanon a gabansa har miya ta fallatsa kan rigar salla.

"Na duba garin nan gida-gida," in ji ta, da muryar da aka ji har bakin rijiya, "ban ga matsiyacin da ya kai ka ba. Mutumin da ko fitsarinsa sai da aka yi masa sadakar hanya! Ungo, ci, tsohon banza."

Wurin ya kece da ihu. Mata suka rangaɗa guɗa, makaho Ɗanliti ya ƙware da dariya ana bubbuga masa baya, liman ya ce kaffara ta cika, rantsuwa ta warware. Badaru ya zamo daga kan kututturen ya zauna a ƙasa cikin miskinai, ya naɗe hannun riga. Hawaye na bin 'yar furfurarsa, bai share ba. Ya gutsuri tuwo ya dangwala ya kai baki, ya tauna a hankali, ya ɗaga kai ya dube ta.

"Shekara sittin kina girki," in ji shi, "har yau ba ki san gishiri ba."

"Ci ka ba ni kwanona," in ji Kulu.